Tambaya da Amsa: Me zan shafa wa rim ɗin motata ya daɗe bai goge ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da wata mota ƙirar Jamus, rim ɗinta na aloi ne, wato irin na alminiyon, amma wallahi ko yau aka wanke, kwana biyu na gaba sun koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na sayi waks na gwangwani irin wanda ake goge jikin mota da shi na shafa musu, ko sati biyu bai yi ba ya tafi. Dan Allah wanne zan saya da zai daɗe? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya bar zumunci. Wannan baƙin da kake gani ba ƙurar hanya ba ce, garin birki ne. Duk sanda ka taka birki fad, wato abun nan da ke matse faifan birki, yana cin faifan, faifan kuma ƙarfe ne, toh ɓurɓushin ƙarfen nan da zafinsa yake tashi ya sauka a kan rim ya lafe a cikin kiliya, wato fentin nan mai kama da ruwa da ake fesawa a sama don sheƙi. Tayoyin gaba su suka fi ɗaukar nauyin birki shi ya sa su ne ke fara baƙi, motocin Jamus kuma dama an san su da wannan, birkinsu na kamawa sosai amma akwai zubar da gari.

Gwangwanin da ka saya ina kyautata zaton in ka duba jikinsa za ka ga an rubuta Carnauba. Wani kaki ne da ake kankarowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, kuma a kan bonet ko ƙofa yana da kyau babu laifi. Matsalarsa yana narkewa a wajen digiri 82 zuwa 86, tun kafin nan ma ya fara laushi, shi kuwa faifan birki in ana gangara ko an shiga cunkoso ana ta taka-saki yana iya haura digiri 300, zafin nan yana bi ta tsakiya ya shiga rim, ka haɗa da ranar watan Afrilu a Kano da take kaiwa digiri 40 da wani abu a inuwa. Ka ga ai ba a yi wa waks ɗin adalci ba, ba wajen aikinsa ba ne.

Abun da ya dace da kai shi ne silant, shi haɗin kamfani ne ba na bishiya ba, ya fi jure zafi da sabulu. Waɗanda masu harkar goge mota suka daɗe suna yabawa a kan rim akwai Finish Kare 1000P da Poorboy's Wheel Sealant da Soft99 Fusso Coat na Japan, sai Collinite 845, shi gaurayen Carnauba da haɗin kamfani ne, wanda asali ma don kamfanonin wutar lantarki aka yi shi, su shafa a jikin tangaran da ke riƙe manyan wayoyi. A irin hanyoyinmu ni dai ina cewa mutum ya sa ran wata 3 zuwa 4, in ya wuce haka riba ce. Sama da wannan sai kotin na siramik, 'yar kwalba ce mili 15 ko 30, silika ce a ciki wadda in ta bushe take zama ɓawo siriri mai tauri, irin su Gtechniq C5 da CarPro DLUX da Gyeon Rim, kamfanonin na cewa shekara 1 zuwa 2. Yana da tsada kuma yana son a kwance tayoyin gaba ɗaya a yi ciki da waje a wajen da babu ƙura, wanda a lokacin hunturu samun irin wannan waje a Kano shi kansa aiki ne. In motar ta hawan yau da kullum ce ka tsaya a silant, gwangwani ɗaya zai daɗe maka sosai tunda kaɗan ake lakata. Kuma ko a Ƙofar Ruwa za ka saya ko a intanet ka lura da jabu, abun da ka ji kuɗinsa ya yi araha fiye da hankali ka ajiye musu kayansu.

Amma fa duk wanda ka zaɓa, in ka shafa a kan datti ka yi asarar kuɗinka. Ka bari rim ya huce tukun, a inuwa, ka wanke da sabulun mota, sannan ka nemo maganin cire ƙarfe irin su IronX ko na Sonax, in ka fesa za ka ga yana komawa ja-ja ko shuɗi mai ja yana gangarowa, ƙarfen ne yake narkewa, warinsa kamar me amma yana aiki, kar dai ka bari ya bushe a jiki. Ɗigon kwalta a sa ɗan kananzir a tsumma a goge a sake wankewa. In ya bushe sarai ka bi shi da sifirit a tsumma mai laushi don maiƙo ya fita, sai ka shafa silant ɗin siriri, ka ba shi mintunan da aka rubuta a gwangwanin, ka goge. Kar ya taɓa faifan birki ko fad, ko kaɗan, kar kuma a shafa a ramin noti ko bayan rim inda yake zama a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa. Kuma ba wai zai hana garin birki sauka ba ne, zai sauka, sai dai ba zai kama ba, ruwa da soso kawai sun isa. In kana so baƙin ya ragu tun daga tushe, ranar da za a canja fad ka ce wa bakanikenka ya nemo maka na siramik mai kyau wanda ya dace da motar.

TAMBAYA: Malam yaran da ke wanke mun mota akwai wani ruwa da suke zubawa a rim, nan take ya yi fari tas, amma yanzu na ga sheƙin ya dushe. Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya ki hana su tun yau. Yawanci ruwan nan asid ne, wani ma da ruwan batir ake haɗawa, yana cin dattin yana cin kiliyar tare, noti su fara tsatsa, kuma hannun yaran ma yana cikin haɗari. Omon wanki bai kai shi ɓarna ba amma shi ma yana kwashe duk wani waks ko silant da aka shafa, soson ƙarfe kuwa kar ma a kawo shi kusa. Ki sayi sabulun mota ki ajiye a but da soso guda na taya kaɗai, in kin je ki miƙa musu ki ce da wannan za a yi, za su ɗan yi gunaguni amma za su saba. Dushewar in ba ta yi nisa ba mai folish zai iya dawo da ita, in kiliyar ta riga ta ci sai dai feshi.

TAMBAYA: Na sayi mota da aka shigo da ita daga Kanada, gefen rim ɗin akwai wasu farare-farare kamar sun kumbura a ƙarƙashin fenti, waks zai gyara? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Ba zai gyara ba ɗan'uwa. A can gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, in kiliya ta ɗan tsage ruwan gishirin ya shiga ƙarƙashi sai alminiyon ya fara ci, shi ba ya jan tsatsa, fari yake yi. Sai an kai wa mai fenti ya kankare ya sa firaima ya fesa, kuma ka sa mai faci ya duba bakin rim ɗin ta ciki don irin wannan cin yana sa iska ta riƙa zurarewa a hankali kana ta zargin taya. Bayan feshi ka ba shi kamar wata guda fentin ya gama bushewa kafin ka shafa komai, sannan a fara yin balansin kafin silant, don dalmar da ake liƙawa ba ta kama wajen da aka shafa wa abu mai santsi.