Amsa ga Alhaji kan dashbod mai ɗaukewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Alhaji, na saurari muryarka. Ka ce kana cikin tafiya sai allurar gudu da ta mai su faɗi, fitilun dashbod su yi ta ƙyaftawa, in ka ɗan bugi samansa da hannu komai ya dawo, kuma an ce ka sayi wata mitar gaba ɗaya, wato akwatin allurai na dashbod. Don Allah dakata tukuna. Tunda bugu yana dawo da ita, mitar tana da rai, wuta ce ke yankewa a hanya.

A fara da batir. Mota a kashe, ya kamata maltimita, wato na'urar auna wuta, ta nuna wajen volt 12.6, in an tayar da inji kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In lambar tana hawa da sauka, altaneta mai cajin batir za a bincika. Kan batir ya zama a ɗaure tam, fis ɗin mita kuma a zare shi a duba ƙafafunsa.

To, inda na fi zargi shi ne wayar negatif da ake ɗaurewa da noti a jikin bodi. Alhaji, wayar nan ta sa mutane da yawa asara. Wutar da ta shiga mita ta nan take komawa batir. In tsatsa ta ci wurin, ko notin ya saki, sai wutar ta nemi wata hanya. Shi ya sa za ka ga mutum ya kunna fitila allurar zafi ta tashi, alhali injin lafiyarsa ƙalau. A kwance notin, a goge wurin da sanfefa har ƙarfen ya yi fari, a mayar a ɗaure.

In bai daina ba, sai a ciro mitar. Amma a cire kan batir na negatif kafin a taɓa komai, saboda wayoyin jakar iska suna nan kusa da sitiyari. A duba soket ɗin baya, ko akwai ƙafar da ta yi kore ko ta noƙe ciki.

Ni tawa motar ta yi wata uku tana wahalar da ni haka. Da muka buɗe bayan mitar ban ga komai ba, sai da rewaya ya miƙo min gilashin ƙara girma. Wallahi dalmar da ke riƙe ƙafafun soket ta tsage, zobe siriri kamar gashi ya zagaye ƙafa biyu. Zafi da sanyi da girgizar hanya ne ke jawo shi. Ya narka dalmar, ya ƙara sabuwa, ko minti goma bai yi ba, har yau matsalar ba ta dawo ba.

Af, kada a cire allurai in ba dole. In ya zama dole, a ɗauki hoton inda suke zaune, in ba haka ba mitar mai za ta riƙa yi maka ƙarya. Sannan motoci da yawa a cikin mitar suke ajiye lissafin kilomita, wasu ma an haɗa ta da tsaron makulli, in ka sa wata mitar, motar na iya ƙin tashi sai an saita ta da kwamfuta.

Turo min sunan motar da shekararta, da hoton soket ɗin in an ciro, mu duba tare in sha Allahu.