Me Ya Sa Fallen Ƙarfe Ke Wuce Awo Bayan An Lanƙwasa Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa akwatunan ƙarfe da falle mai kaurin milimita 2. Ina son gefe ɗaya ya zama milimita 100, ɗayan 50, sai na yanka 150. Da na lanƙwasa, awon ya wuce. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hannunka bai yi kuskure ba, lissafin ne ya bar wurin lanƙwasa a baya. Idan ƙarfe ya lanƙwasu, bayansa yana miƙewa, cikinsa yana takurewa. A tsakaninsu akwai wani layi da tsayinsa ba ya canzawa, kuma da shi ake lissafi. Layin nan ba kullum yake zama a tsakiyar kauri ba, yakan matso ciki, wajen kashi 33 zuwa 50 cikin ɗari na kaurin in an auna daga ciki. Wannan shi ne adadin da ake kira K.

Ga kusurwar digiri 90, tsayin da lanƙwasa ke ci shi ne 1.57 sau (rediyos na ciki + K sau kauri). Rediyos shi ne nisa daga cibiyar da'irar lanƙwasar zuwa cikin fallen. A ce rediyos ɗinka milimita 2 ne, K kuma 0.4 (wato kashi 40): 0.4 sau kauri 2 ya ba da 0.8, 2 da 0.8 sun ba da 2.8, sau 1.57 ya zama 4.4. Amma awonka na waje ya riga ya ƙirga rediyos da kauri a kowane gefe, wato 4 da 4, jimla 8. Cire 4.4 daga 8, saura 3.6. Don haka 146.4 za ka yanka. Tire mai lanƙwasa biyu a jere, 7.2 za a rage.

Ni na fi amincewa da gwaji a kan kowane jadawali, domin injin kowa da halinsa. Yanki guntun falle mai tsayin 100 daga wanda za ka yi aikin da shi, lanƙwasa shi a tsakiya, ka auna gefunan biyu ta waje ka haɗa. Abin da ya ɗara 100 shi za ka riƙa ragewa. Ka rubuta shi a jikin injin. In ka canza bakin V na ƙasa, wato ramin injin mai siffar V da ake danna fallen a ciki, ka sake gwajin, don faɗin bakin ne ke ƙayyade rediyos. Yawanci ana zaɓar mai faɗin kauri sau 8. Ka kuma ɗan zarce digiri 90 kaɗan, saboda ƙarfe yana komawa baya idan an sake shi, sitenles ma ya fi yi. Alminiyam mai tauri kuwa yakan tsage a matsattsen rediyos.

Ƙarfen angul, mai siffar L, dabam ne. In za ka naɗa shi zobe, layin nan da tsayinsa ba ya canzawa yana bin tsakiyar nauyinsa: a angul 40 × 40 × 4, kusan milimita 11 daga bayansa. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe, wato filat-ba, ya fi sauƙi: faɗin cikin zoben a ƙara masa kauri, sau 3.14.