Yawon kwana ɗaya a tsaunukan Siwizalan lokacin sanyi

Malam, ka ce kana Zurich a watan Janairu, kwana ɗaya tal gare ka, kana son ganin tsaunukan Alps, kuma ba ka iya zamiyar ƙanƙara ba. To, ka hau jirgin ƙasan Bernina Express.

Ka yi sammako zuwa garin Chur, inda za ka hau shi, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Daga can jirgin yakan yi kusan awa huɗu kafin Tirano ta ƙasar Italiya, yana ratsa ramukan cikin dutse 55 da gadoji 196. Za ka bi ta kan gadar Landwasser, wadda ke lanƙwashewa ta shige cikin dutse kai tsaye. Amma ni a ganina, daɗin tafiyar yana farawa ne bayan an wuce garin Pontresina. Nan jirgin ke hawa har tashar Ospizio Bernina, mita 2,253 sama da teku, ga tafkin Lago Bianco ya daskare, fari fat, ba ka bambance ruwa da tudu. Daga nan sai gangara, sanyin na raguwa.

Ka kama kujera tun da wuri, don dole ne a taragun masu manyan tagogi. Ka riƙe fasfo, da safar hannu, da tabarau, saboda hasken ƙanƙara yana kashe ido. Sanyin hunturun Kano wasa ne a kan wannan.

Rana takan faɗi wajen ƙarfe biyar, saboda haka dawowarka cikin duhu za ta ƙare. Ka tsara azahar da la'asar a Tirano.