Maikirowef mai gashi: ɗumame kaɗai ne aikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni amarya ce a Unguwar Rimi, Kaduna. A kayan kicin ɗina an saka mini maikirowef irin mai haɗe da gashi, amma tun da na tare ɗumamen shinkafa da miya kawai nake yi da shi. Tsoron maɓallan Grill, Convection da Combi nake ji, don an ce ƙarfe na sa shi tartsatsi, ga shi kuma ya zo da wayar gashi ta ƙarfe a kwalinsa. Zai gasa kaza da kek kuwa? Kuma ƙaramin janaretonmu zai ɗauke shi?

Amsa: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Zai gasa, har da gireba ma. Abin da ke gabanki na'ura uku ce a akwati ɗaya, kuma kafin ki danna komai ki fara sanin wace wuta ce za ta yi aiki, don ita ke nuna kwanon da za ki saka.

Maikirowef zalla wasu igiyoyin lantarki da ido ba ya gani yake sakewa, su girgiza ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi. Shigarsu ba ta wuce kamar santimita 2 ba, daga nan zafin ne ke ratsawa ciki da kansa. Ga sauri, sai dai ba ya sa abinci ya yi ja. A nan ne maganar ƙarfe take gaskiya: ban da kwanon silba, ban da samira, ban da cokali mai yatsu, ban da farantin tangaran mai zanen zinare a baki. Grill kuwa ƙarfe ne a rufin akwatin da ke yin ja ya gasa saman abinci. Convection oba ce sosai, ƙarfe mai zafi da fanka mai zagaya iska. A waɗannan biyun ƙarfe ba ya komai, gwangwanin kek ɗinki ma ya shiga, roba ce za ta narke miki. Combi shi ne ya haɗa maikirowef da ɗaya daga cikinsu, don haka yana ƙin roba, yana kuma ƙin ƙarfe in ban da wayar da kamfanin ya haɗo, wadda aka ƙera don hakan. Ki duba littafinsa ki ga wace waya aka yarda a sa a Combi. In kina son kwano ɗaya da zai raba ki da wannan lissafi, ki nemi na gilashi mai jure wuta irin Pyrex, ana samu wajen masu kayan kicin a Kasuwar Gumi.

Ni a wurina kuɗin na'urar nan a Combi yake fita. Kazar gidan gona mai kilo 1.5 takan haura awa ɗaya a oba, amma a Combi minti 35 zuwa 45 ya kan isa, gwargwadon ƙarfin na'urar, don maikirowef na dafa ciki yayin da iska mai zafi ke gasa fata. Ki tsane jikinta da kyau, ki shafe ta da mai da kayan ƙamshi, ki ɗora a wayar gashi mai gajerun ƙafafu, ki ajiye farantin gilashi a ƙasa ya tari romo. Ki fara da ƙirji a ƙasa, ki juya in an yi rabi. In ta fito kada ki yi saurin sa wuƙa, ki bar ta minti 10, dahuwar ba ta tsaya ba tukuna. Ki soki cinya kusa da ƙashi: ruwan ya fito fari, ba ja-ja ba. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 75. Kazar Hausa fa sai an fara tafasa ta a tukunya, in ba haka ba angon zai sha tauna. Dankalin Turawa da na Hausa ma Combi ne gidansu. Kifi da tsire kuwa ba su da kauri, Grill kaɗai a waya mai dogayen ƙafafu ya wadatar.

Kek, gireba da mitfai ki ba su Convection zalla. Ki kunna ta yi zafi tukuna, sannan in tsarin girkin ya ce digiri 180 ki sa 160, saboda fanka na ƙara wa wuta kaifi, ga akwatin ƙarami. Kada ki buɗe ƙofa a minti 20 na farko.

Ɗumamen ma akwai gyara. Malmalar tuwo ki yanka ta, ki yayyafa ruwa, ki jera a gefen faranti ki bar tsakiya, ki rufe. Miya ki rage ƙarfin wuta zuwa rabi, ki tsaya ki juya ta, in ba haka ba gefe na tafasa tsakiya na sanyi. Ƙosai da masa na jiya maikirowef laushi yake sa su, ki ba su Grill na 'yan mintuna. Naman firiza ki narkar da shi da maɓallin Defrost, ki dafa nan take. Ƙwai da ɓawonsa fashewa yake, madarar jariri kuma kada a ɗumama ta a ciki, wani wuri yakan yi zafin ƙuna alhali kwalbar ba ta nuna ba.

Sai maganar wuta, wadda a garin nan ita ce mai yanke hukunci. Wat 900 da aka rubuta a gaban kwali ƙarfin da yake ba abinci ne, abin da yake ja daga soket ya kai wajen 1,400. A Convection da Combi wasu na haura 2,000. Ki leƙa takardar da ke manne a bayansa, ainihin lambar na nan. Ƙaramin janareton nan na fitila da fanka bai kai wat 1,000 ba, ko ɗumame ba zai ɗauka ba. Sai mai kVA 3 zuwa sama, shi ma a kashe dutsen guga da hita. Ki ba shi soket nasa na bango, ban da ƙaramar wayar jone. In wutar NEPA ta zo ba ƙarfi za ki ga fitila ta kama, faranti na juyawa, abinci kuma shiru; ba lalacewa ya yi ba, sitabilaiza babba yake so. Ta fuskar mita, wat 2,000 na rabin awa yunit 1 ne, ɗumamen minti 3 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba. Kek ki ɗora shi a lokacin da kika san wutar unguwarku ta fi zama, don in aka ɗauke a tsakiya faɗawa zai yi. Kaza ba ruwanta, sai ki ƙarasa ta a gas.

Duk ranar da kika yi gashi ki goge maiƙo in ya huce. Ki sa ruwa da yankan lemun tsami a kwanon gilashi, ki kunna maikirowef minti 4, tururin zai saki dattin. Akwai wani ɗan faifai mai kama da kwali a bangon ciki, galibi ta dama. Kada ki ɓamɓare shi, ki dai goge shi a hankali, don maiƙon da ke ƙonewa a kansa ne ke kawo tartsatsi ko babu ƙarfe a ciki. Kada ki kunna maikirowef ko Combi akwatin na wayam, ki kuma bar masa sarari a sama da baya ya sha iska, jikinsa na zafi sosai lokacin gashi. In ya samu matsala a kai wa mai gyara, kada kowa ya kwance shi a gida, akwai abin da ke riƙe wuta mai kisa a cikinsa ko bayan an zare shi daga soket.