Goron Gidan Baffanka

Assalamu alaikum ɗana. Ƙaninka ya kunna mini saƙonka a waya bayan isha'i, na saurara har ƙarshe. Ya Yamai, ya zafi, ya shirin biki? Allah ya sa a yi da mu.

Ka ce innarka ta hana a kai goron ɗaurin aurenka gidan baffanka na bayan kasuwa, wai al'adar gidanku ce ba a shiga sabgarsu, ba a cin abincinsu, domin maƙiya ne. Kai kuma haka ka tashi ka tarar, ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya faɗa maka mafari, kana so ka ji ko abin yana da tushe a addini.

Mafarin gona ce. Kakanka ya rasu bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, ya bar fadama ɗaya da ƴaƴa daga ɗaki biyu. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yana Abijan wajen biɗa aka yi rabo. Da ya dawo Tawa ya ga iyaka ta ƙetare gindin aduwar da ya sani da ƴan kunyoyi. Aka yi cacar baki gaban jama'a, ɗaya ya ambaci uwar ɗaya. Iyakar abin ke nan. Sauran duk mata da yara da ƴan kai-komo suka ɗora. Ni da idona na ga ranar Sallar layya an aiko kwanon nama daga can, aka karɓa da "an gode, Allah ya maimaita", yaron yana juya baya aka zagaya da shi bayan ɗaki aka tona rami. Aka wanke kwanon tas, aka zuba ƴar gero a ciki aka mayar, don kada a ce. Naman layya fa, ɗana.

To, bari mu zo ga addini. Wanda Allah ya nuna mana da suna ya ce ku riƙe shi abokin gaba, Shaiɗan ne. Aya ta 6 ce a Suratu Faɗir: shi maƙiyinku ne, to ku riƙe shi maƙiyi. Akwai wani abu da Ibn Kasir ya lura da shi a tafsirinsa, wanda tun ranar da na ji shi a zauren malaminmu bai bar kaina ba. Wuri uku Alƙur'ani ya jera maganar mutumin da ya cuce ka da maganar Shaiɗan, a A'araf da Muminun da Fussilat. Duk ukun, in an zo kan ɗan Adam sai a ce ka yi rangwame, ka kau da kai, ka tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau. A Fussilat har aka ce sai ka ga wanda ke da gaba da kai ya koma kamar masoyi na jiki. Amma da an zo kan Shaiɗan ba a ce ka kyautata masa ba, sai a ce nemi tsarin Allah. Dalili, mutum ana iya sayen zuciyarsa da alheri, shi kuwa wancan ko me ka ba shi halakarka yake nema. Mu sai muka juya abin. Wanda aka ce mu lallasa muna neman tsari da shi safe da yamma, wanda aka ce mu nemi tsari da shi kuma shi ke ba mu shawara a kan ɗan'uwanmu.

Dubi Annabi Yusufu. Ƴan ubansa ne suka jefa shi rijiya, ba kunyar gero suka ci masa ba. Amma tun ranar da ya faɗi mafarkinsa, Annabi Yaƙubu ya gargaɗe shi kada ya ba su labari, sannan ya ce Shaiɗan ne maƙiyi bayyananne ga mutum. Ya yi masa kashedi da su, bai kira su maƙiyansa ba. Shi ma Yusufu da komai ya ƙare a Masar cewa ya yi Shaiɗan ne ya shiga tsakanina da ƴan'uwana. Halidu ɗan Walidu shi ya zagayo ta bayan Musulmi a Uhudu shekara ta 3 bayan hijira, a shekara ta 8 ya musulunta, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kira shi takobin Allah. Da a gidajenmu ne, har jikokinsa ba za a kai wa goro ba.

Wanda ya fi kama da naku shi ne na Sayyidina Abubakar da Misɗahu. Ɗan'uwansa ne, talaka, shi ke ciyar da shi, sai ga bakinsa cikin masu yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ya daina ba shi ko ƙwayar dabino. Aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka: su yafe, su kau da kai, ashe ba ku son Allah ya gafarta muku? Ya ce wallahi ina so, ya mayar masa da abin da yake ba shi. Kuma a Sahihu Muslim an ruwaito cewa duk Litinin da Alhamis ana gafarta wa wanda bai yi shirka ba, ban da biyun da ke gaba da juna, sai a ce ku dakata wa waɗannan har su shirya. Sharia kwana uku ta yarje wa mai fushi. Ka lissafa daga 1984.

Kada ka ce kawu yana nufin babu maƙiyi cikin mutane. Akwai. Suratul Mumtahana ta faɗi alamarsa: wanda ya yaƙe ku saboda addini, ya fitar da ku daga gidajenku. Wanda bai yi haka ba, ko ba Musulmi ba ne, Allah bai hana a kyautata masa a yi masa adalci ba. Mu nan jihar Tawa ba sai an yi mana fassara ba. Waɗanda suka shiga garuruwan Tiliya a kan babura cikin Maris na 2021 suka kashe mutum fiye da 130, ai ka san sunan da ya dace da su. Duk da haka Suratul Ma'ida ta ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku bar adalci, saboda haka ba a ɗora laifinsu a kan ƙabila ko a kan makiyayin da ya zo cin kasuwa. Yanzu ɗauki baffanka, tsoho mai sanda da ciwon gwiwa, ka ajiye kusa da waɗancan, ka gaya mini ko suna ɗaya ya kamace su.

Abin da ya ƙara hura wutar gidanku, kuma innarka ƙanwata ce don haka zan faɗa, shi ne zuwa wajen masu bugun ƙasa. Yaro ya yi zazzaɓi, ciniki ya tsaya, sai a tafi. Ban taɓa jin mai duba ya share yashinsa ya ce laifinki ne, ko sauro ne ba. Kullum wata mace ce baƙa doguwa a cikin dangi, kuma wane dangi ne babu ita? Annabi ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa dare 40. Wanda ya jawo maka wannan asara ya raba ka da jininka, ya karɓi jaka biyar a kai, shi ba a taɓa sa shi cikin maƙiya.

Sai zuciya. Za ka ji masu wa'azi suna cewa mafi girman maƙiyinka ranka ne da ke tsakanin haƙarƙarinka. Malaman hadisi sun ce wannan lafazi bai inganta daga Annabi ba, kada ka jingina masa. Wanda ya inganta a Buhari da Muslim ya ishe mu: mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokowa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. A Tawa, garin da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, wannan magana ba ta buƙatar sharhi.

Batun al'ada kuwa, wannan ba ita ba ce. Al'adar da muka gada ita ce ta taubasai, Bagobiri ya tare Bazabarme ya zazzage masa, Bafillace da Babarbare su yi ta yi, a rabu ana dariya, kuma haramun ne a wajensu abin ya kai ga riƙo. Kakanni sun san faɗa, shi ya sa suka yi masa magani. Ba su bar mana wasiyyar a binne nama ba.

Gonar ma ban ce ku bar ta ba. Yafe gaba daban, barin haƙƙi daban. In ku magada kuna ganin an ci muku iyaka, ga mai gari, ga sarki, ga hukumar filaye da ake kira Kofo wadda dokar karkara ta 1993 ta kawo, a je a auna a rubuta takarda. Ana iya ƙarar mutum da safe a gaishe shi da yamma. Kuma ba dole sai ka kwana gidansa ko ka ba shi ajiyar kuɗinka ba.

Akwai abin da ba ka gani ba don kana ƙarami. Ranar jana'izar mahaifinka baffanka ya zo, ya tsaya sahun baya, bai yi wa kowa magana ba. Da aka kai maƙabarta shi ya tuɓe takalmi ya shiga ramin ya karɓe shi.

Kada ka yi gardama da innarka a waya, kuma kada ka karanta mata ayoyin nan kamar mai ba ta darasi, ta sha abin da ba ka sha ba a gidan nan. Ka bar ni da ita, zan shiga wajenta ranar Juma'a bayan an sauko. Kai dai in za ka taso ka ƙaro ƙwarya ɗaya ta goro a kan wadda aka lissafa, fari mai kyau, da turmin atamfa na matarsa. Ka sauka wajena tukuna, da la'asar mu taka tare, ni zan yi sallama. Ka sanar da ni motar da za ka shigo don a tare ka a tasha.

Kawunka.