Shin Marubutan Soyayya Mata Duk 'Yan Kano Ne?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Talata Mafara, kuma ina son rubuta labarin soyayya, amma yayata ta ce wannan sana'ar matan Kano ce, mu 'yan Zamfara ba mu da gado a cikinta. Shin haka ne?

Amsa: Ƙanwata, yayarki ta faɗi rabin gaskiya. A Kano ne aka fi buga waɗannan littattafai da sayar da su tun daga tsakiyar shekarun 1980, shi ya sa wasu masana suka laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, sunan da marubutan da yawa ba sa so domin suna jin ƙanshin raini a cikinsa. Can ne Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990.

Sai dai kafin wannan guguwa ta taso, Hafsat Abdulwaheed, wadda haifaffiyar Kano ce amma aure ya kai ta Gusau inda ta shafe shekaru masu yawa, ta riga ta rubuta So Aljannar Duniya, wanda kamfanin buga littattafai na Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) da ke Zariya ya buga a 1980, kuma shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Ga kuma marubuciyar littattafan soyayya Bilkisu Funtuwa daga Jihar Katsina.

Idan kin kammala gajeren labari, gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ba ta tambayar jiha.