Kukan da nake yi wa maigidana rashin bangaskiya ne?

Tambaya: Fasto, ni mazauniyar Kaltungo ce. Wata takwas ke nan da rasuwar maigidana, amma har yau in na ga takalminsa a bakin ƙofa sai hawaye. Wata a Zumuntar Mata ta ce mai bi na gaskiya ba ya irin wannan kuka, tunda mamacin yana wurin Ubangiji. Shin bangaskiyata ce ta yi rauni?

Amsa: 'Yar'uwata, sannu da rashi. Allah ya ta'azantar da ke da yaran.

Wadda ta faɗa miki haka ƙila da kyakkyawar niyya ta yi, amma ta ɗauki rabin aya ta bar rabi. Ayar tana cikin 1 Tasalonikawa 4:13. Bulus ya rubuta wasiƙar wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, ga wata ƙaramar ikilisiya da mutuwa ta fara shiga, har suna fargabar waɗanda suka riga su tafiya ba za su ga dawowar Yesu ba. Bai hana su baƙin ciki ba. Abin da ya ce shi ne kada baƙin cikinsu ya zama irin na marasa bege. Kin ga ke nan akwai kukan mai bege, shi ne naki.

Buɗe Yohanna sura 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya iso Betanya. Marta ta tare shi da ƙorafi, cewa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. 'Yar'uwarta Maryamu ta zo ta maimaita maganar. Bai tsawata wa ko ɗayarsu ba. Ya san sarai cewa nan da ɗan lokaci zai kira mutumin ya fito da ƙafarsa, duk da haka aya ta 35 ta ce ya yi hawaye. In sanin tashin matattu yana busar da ido, ai da nasa ne zai fara bushewa. Haka Isra'ilawa suka yi kwana 30 suna makokin Musa, masu tsoron Allah da suka binne Istifanas ma suka yi masa kuka mai zafi.

Ni a ganina mun faye saurin cewa "sai haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma wani lokaci da ita muke toshe bakin mai makoki don mu samu mu tashi. Ana gama jana'iza, a naɗe tabarmi, a mayar da kujerun coci, baƙi su watse. A nan ne ainihin makokin yake farawa, ranar da mace ta tuƙa tuwo ta samu kanta tana zuba wa wanda ba ya nan.

Begen namu kuwa ya wuce cewa "ya huta". A 1 Korantiyawa 15 Bulus ya yi misali da shuka. Ke da kika san gona, kin san yadda ake jefa ƙwayar dawa a rami da farkon damina, a take ta da ƙafa, ta ɓace. Abin da yake fitowa daga baya ita ce, amma ta fi yadda aka binne ta nesa ba kusa ba. Haka jikin da kuka kai makabarta: an shuka shi cikin rauni, za a tashe shi cikin iko. A wannan surar ce kuma aka kira mutuwa abokiyar gaba ta ƙarshe. Wa zai ce kada a yi kuka in abokin gaba ya yi ɓarna a gida?

Abu ɗaya zan ja hankalinki a kai. In kin daina cin abinci, barci ya ƙaurace miki makonni, ko kina jin gara ki bi shi, kada ki yi shiru. Ki faɗa wa fastonku, ki kuma ga likita. Zuwa asibiti ba ya rage addu'a da komai.

Takalmin nan kuwa, ki bar shi a inda yake har ranar da ke da kanki kika ji za ki iya ɗauke shi. In addu'a ta ƙi fitowa da dare, ki karanta Zabura 88 da ƙarfi. Marubucinta ma cikin duhu ya ƙare ta, ba a kuwa cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba.